Kurakuran da aka fi yi wajen nazarin mulkin Sarki Henri na Takwas

Henri na Takwas ya hau gadon sarautar Ingila a 1509 yana ɗan shekara 17, ya rasu ranar 28 ga Janairu 1547. Mafi yawan masu karatu suna shiga tarihinsa ta ƙofar matansa shida, su haddace wadda aka fille wa kai da wadda ta tsira. Amma Katarin ta Aragon, matarsa ta farko, ita kaɗai ta yi shekara 24 a ɗakinsa, sauran biyar ɗin kuwa duk cikin shekaru 14 na ƙarshe suka zo. Wanda ya tsara karatunsa bisa jerin mata zai matse fiye da rabin mulkin cikin babi guda.

Kuskuren da ya fi kowanne ɓata aiki shi ne cewa Henri ya koma Furotesta, wato Kiristocin da suka rabu da koyarwar cocin Katolika. Bai koma ba. A 1521 ya fitar da littafi yana mayar wa Martin Luther, jagoran Furotesta, martani, har Fafaroma Leo na Goma ya ba shi laƙabin Mai Kare Addini, laƙabin da haruffansa biyu na Latin, F.D., ke kan sulallan Birtaniya har yau. Abin da Henri ya yi a 1534 shi ne ƙwace ikon Fafaroma a kan cocin Ingila ya mayar hannunsa. Aƙida kuwa ya riƙe mafi yawanta yadda ya gada. Dokar Ƙa'idoji Shida ta 1539 ta tabbatar da cewa gurasa da ruwan inabi na ibadar coci suna zama jiki da jinin Almasihu da gaske, ta hana firistoci aure, ta kuma tsayar da furta zunubi a gaban firist. Akbishop Thomas Cranmer, wanda ya yi aure a ɓoye, sai da ya mayar da matarsa Jamus, bishop biyu, Latimer da Shaxton, suka ajiye muƙamansu. A ranar 30 ga Yuli 1540, a filin Smithfield na Landan, aka ƙona mutum uku saboda bin koyarwar Furotesta, aka rataye wasu uku saboda ƙin yarda da shugabancin sarki a kan coci. Rana ɗaya, wuri ɗaya. Duk bayanin da ya kasa ɗaukar waɗannan mutum shida tare, to akwai gyara a cikinsa. Hatta a wasiyyarsa Henri ya bar dukiya don a riƙa yi wa ransa hadayar Mas, wato babbar ibadar Katolika, abin da babu ɗan Furotesta da zai yi.

Maganin wannan kuskure yana da sauƙi. A ja layi a raba takarda gida uku: iko, aƙida, dukiya. Duk wata doka ko wani abin da ya faru, a tambayi kai wane gida ya taɓa. Za a ga gidan iko ya cika tsakanin 1532 da 1534, gidan dukiya tsakanin 1535 da 1540, gidan aƙida kuwa yana gaba yana baya. A 1538 an umarci kowace coci ta ajiye Littafi Mai Tsarki na Ingilishi, a 1543 kuma aka hana leburori da 'yan koyon sana'a da talakawan mata karanta shi. Sauyin aƙida na sosai sai zamanin ɗansa Edwad na Shida, da littattafan addu'a na 1549 da 1552. Kada a ɗauko aikin ɗa a jingina wa uba.

Batun auren Katarin ma ana yawan kwafsawa a kansa. Henri ba sakinta ya nema ba, domin cocin Katolika ba ta san saki ba. Ya nemi a yanke hukunci cewa tun asali auren bai ɗauru ba. Katarin matar yayansa Arthur ce, wanda ya aure ta a 1501 ya rasu a 1502, kuma sai da Fafaroma Juliyas na Biyu ya ba da izini na musamman kafin Henri ya aure ta. Henri ya kafa hujja da Littafin Firistoci 20:21 na Littafi Mai Tsarki, inda aka hana mutum auren matar ɗan'uwansa. Masu kare Katarin suka kawo Maimaitawar Shari'a 25:5, inda aka umarci mutum ya auri matar ɗan'uwansa da ya rasu bai haihu ba, ita kuma ta rantse cewa Arthur bai taɓa kusantar ta ba. Abin lura a nan shi ne inda hujjar Henri ta dosa: idan Allah ne ya haramta, to Fafaroma ba shi da ikon halattawa. Daga nan maganar aure ta zama maganar iyakar ikon Fafaroma. Wanda bai kama wannan gaɓar ba, ba zai gane yadda rigimar cikin gida ta raba ƙasa da Rum ba.

Haka kuma ba daidai ba ne a taƙaita dalilin da cewa son Anne Boleyn, wadda ta zama matarsa ta biyu, ne kawai. Son yana nan, wasiƙunsa sun nuna. Amma ubansa da takobi ya ci sarauta a Bosworth a 1485 bayan shekaru na yaƙin basasa, kuma daga 'ya'yan Katarin Meri ce kaɗai ta rayu. Lokacin da mace, Matilda, ta nemi sarautar Ingila a ƙarni na 12, yaƙi aka yi. Ƙin rushe auren da Fafaroma Kilement na Bakwai ya yi ma ba na addini zalla ba ne: a 1527 sojojin Sarki Chals na Biyar, mai mulkin Sifen da Jamus, sun wawashe birnin Rum, Chals kuwa ɗan 'yar'uwar Katarin ne. Amsa mai kyau tana jera dalilan nan, sannan ta faɗi wanda ya fi nauyi da hujjar hakan.

Wasu kuma sukan rubuta kamar rabuwar ta faru dare ɗaya. Da dokokin majalisa aka yi ta, mataki bayan mataki, kuma jerin yana da muhimmanci. Kotun da aka zauna a Blackfriars, a Landan, kan batun auren a 1529 ta watse ba hukunci, Kadinal Wolsey, babban wazirin sarki, ya faɗi daga muƙaminsa. A 1532 shugabannin coci suka miƙa wuya cewa ba za su kafa doka ba sai da yardar sarki, washegari Thomas More, wanda ya gaji Wolsey a matsayin babban waziri, ya ajiye muƙaminsa. A 1533 aka hana ɗaukaka ƙara zuwa Rum, kuma wannan ce ta ba Cranmer damar rushe auren a watan Mayu ba tare da Katarin ta sami inda za ta kai kuka ba. Dokar shugabancin sarki a kan coci ta zo a Nuwamba 1534, tare da dokar cin amanar ƙasa wadda ta sa furucin baki kaɗai ya isa a kashe mutum. Da ita aka kashe Bishop Fisher da More a 1535. Idan aka sa 1534 gaban 1533, dalili da sakamako sun juye.

Gidajen sufaye, inda masu keɓe kansu don ibada ke zaune, su ne inda ya kamata a daɗe. A 1535 Thomas Cromwell, babban na hannun daman sarki, ya sa aka ƙididdige kuɗin shigar coci gaba ɗaya, ya kuma aika masu bincike gida gida. Dokar 1536 ta rufe ƙananan gidaje ne kawai, waɗanda kuɗin shigarsu bai kai fam 200 a shekara ba. Manyan an matsa musu lamba har suka miƙa kansu ɗaya bayan ɗaya, dokar 1539 ta halatta abin da aka riga aka yi, na ƙarshe, Waltham, ya miƙa wuya a Maris 1540. Jimilla wajen gidaje 800. Kuskuren da ake yi shi ne tsayawa a kan cewa sarki ya yi arziki. Ya yi, amma bai riƙe ba. Yaƙe-yaƙen da ya yi da Faransa da Sikotland bayan 1542 sun cinye kuɗin, ya sayar da fiye da rabin filayen, har daga 1544 ya shiga rage azurfar da ke cikin sulalla. Masu kuɗi da manyan ƙauye da suka sayi filayen su ne suka zama katangar sabon tsari. Ko da Sarauniya Meri, 'yar Katarin, ta mayar da Ingila ƙarƙashin Fafaroma a 1554, sai da aka yarda kowa ya riƙe filinsa. A ganinmu wannan ya fi kowace dokar aƙida tasiri a kan abin da ya biyo baya.

Kada kuma a ce jama'a sun yi na'am baki ɗaya. A Oktoba 1536 tawaye ya tashi a Lincolnshire, ya bazu Yorkshire ƙarƙashin lauya Robert Aske, da mutane wajen dubu 30, sun fi sojojin sarki yawa nesa ba kusa ba. Buƙatunsu sun haɗa addini da haraji da neman a kori Cromwell. Da alkawarin afuwa aka sallame su, daga baya aka kashe Aske a York a 1537. Landan da kudu maso gabas sun fi karɓar sabuwar koyarwa, don haka duk jimlar da ta fara da "mutanen Ingila" tana bukatar a ƙara mata yanki da shekara.

Wajen shaidu, a tambayi wanda ya rubuta da wanda ya rubuta wa. Eustace Chapuys jakadan Chals na Biyar ne, yana bayan Katarin, ba ya ko son ambaton Anne da alheri. John Foxe ɗan Furotesta ne, aikinsa na Ingilishi ya fito a 1563, zamanin Sarauniya Elizabet, 'yar Henri da Anne. Masu binciken Cromwell kuwa an aike su ne su samo laifi. Duka ukun suna da amfani, in dai an faɗi ɓangaren kowa kafin a kafa hujja da shi.

Sai lissafin kwanan wata, wanda ke kayar da ko da gwanaye. Kafin 1752, shekarar hukuma a Ingila tana farawa ne ranar 25 ga Maris, saboda haka takardar zamanin za ta nuna rasuwar Henri a Janairu 1546, ba 1547 ba. Duk kwanan da ya faɗo tsakanin 1 ga Janairu da 24 ga Maris, a duba ko editan littafin ya gyara shekarar. Dokoki kuma da shekarar sarauta ake ambaton su, wadda a mulkin Henri ke farawa 22 ga Afrilu. A ƙara 1508 a kan lambar don samun shekarar da ta fara: shekara ta 26 ta kama daga 22 ga Afrilu 1534 zuwa 21 ga Afrilu 1535, kuma cikinta dokar shugabancin coci ta faɗo.