Ga 'yan uwa mata mazauna Ingila masu neman likitan damuwa

Salamu alaikum. Shirin NHS Talking Therapies, wato shirin hukumar lafiya ta Ingila na magance damuwa ta hanyar tattaunawa, kyauta ne, kuma mutum zai iya rubuta kansa ta intanet ba sai likitansa ya tura shi ba. Tun a wayar farko ki faɗi cewa mace kike so, Musulma in da hali, ko tafinta na Hausa.

Bahaushiya a wannan aiki tana da wuyar samu a can, gaskiya. Ni dai ba na dagewa sai ita. 'Yar Somaliya ko Pakistan ma ta san zaman kishiya da nauyin uwar miji, ba za ta ce ki rabu da dangi kawai ba. Ki gwada ta da tambaya ɗaya: me ta fahimta game da kunya? In amsar ba ta kwanta miki ba, ki nemi a canza miki wata.