Lambar waya ba ɗaya ba ce, a auna kafin a saya

Salamu alaikum 'yan uwa masu naɗin koyil da ƙera ƙananan injuna. Makon jiya wani yarona ya sayo min waya lamba 20 a nan Garwa, na naɗa wa ƙaramin moto, kafin la'asar ya ɗau zafi har da ƙauri. Laifina ne, ban tambayi wace lamba 20 ba.

Lambar nan kaurin waya take nunawa: lamba 20 ta Ingila, wato SWG da muka saba ji a bakin masu gyara na Kano, kaurinta milimita 0.91 ne. Ta Amurka, AWG, 0.81. A lamba 18 tazarar ta fi haka: SWG 1.22, AWG 1.02. A ido kamar ba komai, amma wuta ta san bambancin. Kuma duka biyun, lamba na hawa, waya na sirancewa. A AWG in ka ƙara shida a kan lamba, kaurin ya ragu da rabi.

Mu nan da Marwa da Njamena milimita muke aiki da ita, sai dai a kula: 1.5 da 2.5 da ake rubutawa a wayar wutar gida girman filin bakin wayar ne in an yanke ta, a milimita sukwaya, ba kauri ba. Kaurin 1.5 bai wuce 1.4 ba.

In ba ka da ma'auni, kankare fentin wayar, ka naɗa ta zagaye 20 a jikin ƙusa, a matse sosai ba rata, ka auna da rula ka raba da 20. In ka samu milimita 18, to 0.9 ce a hannunka.