Masu sayar da cincin da yaji daga gida, ga wata 'yar shawara

'Yan'uwa mata, salamu alaikum. Idan waina ko tuwo kike sayarwa a ƙofar gida, duba-gari na ƙaramar hukuma ne ke da ruwa da ke. Amma da zarar kin ƙulla cincin, yaji ko dambun nama a leda ko roba, kin manna suna, kina son kai wa manyan kantuna, to maganar ta koma hannun NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta ƙasa.

Ki fara da rajistar sunan sana'a a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, don NAFDAC za ta nema. Sannan ki ware wuri na musamman don aikin, domin jami'ai za su zo dubawa, kuma ba za su so su tarar da tukunyar miyar gida ko kaji suna yawo kusa da kaskon suya ba.

Takardar da ake mannawa ita ce ta fi kayar da mu. Ni na buga guda ɗari biyar babu ranar da aka yi kayan, babu ranar lalacewa, sai da na sake bugawa, kuɗina suka tafi. Ki sa sunan kayan, adireshinki, abubuwan da ke ciki, nauyi da lambar rukuni, wato lambar da ke nuna kayan da aka yi a zubi ɗaya. Kuma don Allah kada ki ari lambar rajistar NAFDAC ɗin wata, laifi ne babba.