Yadda za ki kai 'yarki allurar rigakafin kansar bakin mahaifa a nan Legas

Matan Agege da Idi-Araba da Mile 12, tun Oktoban 2023 aka fara allurar nan ta HPV (ƙwayar cutar da ke jawo kansar bakin mahaifa) a Najeriya, Legas ma tana cikin jihohin farko, amma har yau in aka haɗu gidan suna sai kin ji wata ta ce wai ta hana haihuwa ce. Ni dai na kai tawa, ga yadda na bi.

Ki fara da maigida, don wallahi nan aikin yake ba a asibiti ba. Kar ki tare shi da zancen yana shigowa daga kasuwa gosulo ya gama jigata shi, bari ya ci abinci ya huta tukun. Tambayar da zai miki na san ta don ni ma ita aka min: yarinya 'yar shekara 9 me ya haɗa ta da cutar da ake ɗauka wajen saduwa? Sai ki ce masa ai shi ya sa ake yi yanzu, allurar ba ta kashe ƙwayar da ta riga ta shiga jiki, tare mata hanya take yi, don haka aka ware 'yan shekara 9 zuwa 14. Kuma ba zancen lalacewar tarbiyya ba ne, mace ko ba ta san kowa ba sai mijinta na sunna za ta iya ɗauka a wurinsa, shi kansa bai san yana da ita ba don yawanci ba ta nuna alama, sai ta yi lamo a bakin mahaifa shekara 15 ko 20 kafin ta rikiɗe ta zama kansa. Iri biyu kawai na ƙwayar, masu lamba 16 da 18, su ke jawo kusan kashi 70 cikin 100 na wannan kansar, kuma allurar da ake yi a nan, mai suna Gardasil, tana kare su. A 2020 kaɗai mata wajen 8,000 kansar ta kashe a ƙasar nan.

In Hajiya ce ta kafe, kar ki yi musu da ita, tsoronta ba na banza ba ne, mutanenmu ba su manta gwajin maganin da aka yi wa yara a Kano lokacin sanƙarau a 1996 ba. Ki dai faɗa mata a hankali cewa wannan tun 2006 ake yin ta a duniya, waɗanda aka yi wa suna yara da yawa sun yi aure sun haihu.

Sauran mai sauƙi ne. Ki leƙa asibitin sha-ka-tafi na gwamnati mafi kusa da ke ki tambayi ranar rigakafi, da ko akwai allurar a ƙasa, kar ki ɓata kuɗin mota a banza. Kyauta ce. In ba kya jin Yarbanci ko buroka ki ja wata maƙwabciya ku tafi tare. Yarinya ta karya kafin ku fita, ta sa riga mai faɗin hannu ƙarƙashin hijabi don a dantse ake yi, sau ɗaya tal. Bayan an yi ku zauna kamar minti 15 saboda wasu yaran jiri na ɗibarsu. Hannu zai ɗan yi tsami, wata ta yi ɗan zazzaɓi kwana ɗaya ko biyu, shi ke nan. Katin da za a ba ku ki adana shi, ko an tafi gida arewa hutu kar a rasa shaida.

Tunda kin je kuma ki tambayi nas inda ake gwajin bakin mahaifa na manya, don allurar 'yarki ba ta kare ki ba. In kina ganin jini bayan saduwa ko bayan al'ada ta ɗauke miki gaba ɗaya, kar ki tsaya jiƙe-jiƙe, ki je a duba ki a satin.