Yadda za ka farfaɗo da tsohuwar gangar bature

Idan ka samu tsohon saitin ganguna a ɗakin ajiyar wata makaranta a Katsina, kada ka yi saurin sayar wa 'yan gwangwan.

Fara da ɗaukar hotonsa ta kowane gefe, sannan ka kwance notocin, na kowace ganga a ledarsa. Duba jikin kangon gangar ta waje ka ga tambarin kamfani. Idan ka ga Ludwig ko Premier, ka lallaɓa shi, kayan daraja ne.

Ƙarafan da suka yi tsatsa ka jiƙa su a ruwan khal su kwana, ka goge da tsohon buroshin haƙori, ka shanya su bushe sarai, ka shafa ɗan mai a haƙoran noti.

Katakon shi ne abin tattali. Goge shi da tsumma mai ɗan danshi kawai. Inda hunturu ya tsaga shi, ka ɗura gam ɗin kafinta, ka matse na awa 24. Bakin kangon da fata ke zama a kai kuwa, kada ka yi masa gugar ƙarfi. Nan amon gangar yake, in ya lalace sai gwani.

Auna faɗin bakin kafin ka sayi sabuwar fata. Ƙaramar ganga mai wayoyi a ƙasa yawanci inci 14 ce. Wajen ɗaurewa, kada ka bi notoci a jere. Murɗa wannan kaɗan, ka tsallaka zuwa wanda ke fuskantarsa, kana ƙwanƙwasa kusa da kowanne har amonsu ya daidaita.

Ajiye gangar a inuwa, nesa da zafin kwano.