Babi na Bakwai: Tatsuniya, Karatu a Bayyane da Rubuta Labari

Mutumin da ya shigo ajin yaƙi da jahilci yana da shekara arba'in ko hamsin ba hannu rabbana yake zuwa ba. Yana zuwa da tatsuniyoyin da ya ji a ɗakin kakarsa, da karin maganar da ke fito masa a zance ba tare da ya tsaya nema ba, da labarin shekarar fari da shekarar ambaliya, da tarihin yadda aka sari unguwarsu. Abin da bai samu ba tun yana yaro shi ne hanyar ɗora waɗannan abubuwa a kan takarda da hanyar ɗauko su daga kanta, kuma wannan hanya ce kuka fara kamawa a babobin da suka gabata.

Akwai matsalar da duk malamin ajin manya a karkarar Kano da Jigawa ya sani. Da zarar ruwa ya sauka sai aji ya watse, kowa ya nufi gona, ba a sake haɗuwa sosai sai an kai amfani gida. Idan aka dawo da kaka, sai a tarar da yawancin baƙaƙen da aka sha wahalar koyo sun gudu, domin a tsawon watannin nan ɗalibi bai karanta komai ba in ban da rubutun buhun taki. Karatu kamar fartanya ne, in aka jingine shi sai ya yi tsatsa. Maganin wannan yana cikin gidajenku, wato ku mai da karatu abin hira tsakaninku da iyalanku, yadda ko aji ya tsaya shi ba zai tsaya ba.

Tatsuniya

Mu fara da abin da kowa ya iya. Bayan sallar isha'i, an ci tuwo an shimfiɗa tabarma a tsakar gida, sai tsohuwa ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku," yara su amsa baki ɗaya, "Ta zo mu ji ta." Daga nan sai Gizo ya fito da wayonsa da kwaɗayinsa, da matarsa Ƙoƙi, da Kura mai zari, da Dila malamin daji, da Dodo mai tsare rafi. In an zo wurin waƙa kowa ya karɓa, in an kai ƙarshe a ce, "Ƙurunƙus kan kusu." An saba gaya wa yara cewa mai tatsuniya da rana zai ɓata a kasuwa, kuma hikimar wannan a fili take, domin rana ta aiki ce, dare kuma na hira.

Yaron da ya tashi yana jin tatsuniya yana koyon abubuwan da zai buƙata ranar da aka ba shi littafi. Yana koyon zama ya saurara har a kai ƙarshen magana. Yana gane cewa labari yana da farko da tsakiya da ƙarshe, kuma abin da Gizo ya shuka a farko shi zai girba daga baya. Yana tara kalmomin da ba ya ji a wasan ƙofar gida, irin su kurmi da gamji da fatake da zango. Saboda haka uwar da ke yi wa 'ya'yanta tatsuniya ta riga ta fara koyar da su karatu, ko da ita kanta ba ta taɓa riƙe fensir ba.

Wasu manya suna cewa tatsuniya ƙarya ce, ɓata lokaci ce, bai kamata dattijo ya sa bakinsa a ciki ba. Ina ganin wannan magana ba ta yi wa tatsuniya adalci ba. Mai tatsuniya ba ya yaudarar kowa, domin da mai faɗa da masu ji duk sun san Gizo ba ya magana, kuma a cikinta ne aka nuna mana tun muna ƙanana ƙarshen mai haɗama da sakamakon marainiyar da ta yi haƙuri. Abin da ya kamata ya dame mu shi ne yadda take ɓacewa. A gidaje da yawa yanzu, da an idar da isha'i sai yara su yi cincirindo a kan waya guda suna kallon fim, tsohuwa kuwa tana gefe da tatsuniyoyi cike da kanta babu mai tambayarta. Ranar da ta rasu, sun tafi tare da ita ke nan.

Wayar nan kuwa tana iya zama mataimakiya. Ku je wurin tsohuwar gidanku da ladabi ku ce, "Inna, ina so ki yi mini tatsuniyar nan ta marainiya da kishiyar uwa, zan ɗauka a waya saboda jikokinki." Ku ɗauki muryarta, sannan washegari ku zauna da littafin rubutu, ku saurari jimla ɗaya, ku tsayar, ku rubuta, ku sake saurara. Aikin yana da cin rai a farko, kuma tatsuniya guda tana iya ɗaukar ku mako ɗaya, amma babu darasin rubutu da ya fi shi, domin kalmomin na gida ne, kun san su tun kafin ku san baƙaƙensu.

Karatu a bayyane

Karanta wa jama'a abu da murya ba baƙon al'amari ba ne a ƙasar Hausa. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta tsara waƙoƙin ilimi, ta kuma naɗa malamai mata da ake kira jaji, masu kai su ga matan ƙauyuka suna rera musu har su haddace, abin da aka sani da 'yan taru. Da aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, masu iya boko kaɗan ne ƙwarai, don haka mutum ɗaya ne ke karantawa, jama'a na kewaye da shi suna saurare. Har gobe gidajen rediyo na Kano suna karanta littattafan hikaya, mata suna bi suna aikin gida. Abin da ake nema daga gare ku shi ne ku zama masu yin wannan a cikin gidajenku.

Sharaɗi na farko shi ne kada ku karanta wa mutane abin da ba ku fara karanta wa kanku ba. Ku bi shafin a zuci sau biyu, ku sa alama da fensir a ƙarƙashin kalmar da ta ba ku wuya, ku tambayi malami ko wani wanda ya iya. Dalili shi ne rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, saboda haka garin da ake zuwa cin kasuwa da garin da ake tuƙa tuwo da shi iri ɗaya ake rubuta su, sai ma'anar jimla ce ke raba su. Wanda ya riga ya san inda jimla ta dosa ba zai yi tuntuɓe a irin wannan wuri ba.

Idan kun fara, ku ɗora yatsa a ƙarƙashin layi, ku tafi a hankali. Inda kuka ga waƙafi ku ɗan ja numfashi, inda kuka ga aya ku tsaya cak, inda kuka ga alamar tambaya ku ɗaga murya yadda kuke yi in kuna tambayar farashi a kasuwa. Sabon mai karatu yakan yi sauri don ya nuna ya iya, ko kuma ya yi ta jan kalmomi gaɓa-gaɓa da murya guda har masu saurare su yi gyangyaɗi. Ku tuna yadda tsohuwa take yi: Gizo da tsamin bakinsa, Kura da ƙatuwar murya, Sarki da nutsuwa. A takarda duk baƙaƙe ne iri ɗaya, muryarku ce za ta raba su. Shafi ɗaya ya isa a dare guda, kuma ya fi kyau ku tsaya a inda labari ya yi daɗi, ku tambayi yara, "To, me kuke gani zai faru gobe?"

Akwai wani abu da yake hana magidanta da yawa karatu a gaban iyali, kuma gara a faɗe shi a fili. Mutum yana tsoron ya yi kuskure ɗansa na aji huɗu a firamare ya ce, "Baba, ba haka ba ne." Wannan rana za ta zo, babu makawa. Idan ta zo, kada ku tsawata wa yaron, kada kuma ku rufe littafin cikin fushi. Ku ce, "Madalla, zo ka nuna mini," ku gyara tare, sannan ku miƙa masa ya karanta layi na gaba. Yaron da ya ga mahaifinsa da furfura yana fama da baƙaƙe bai ji kunya ba, zai ɗauki makarantarsa da muhimmancin da bulala ba ta isa ta sa masa ba. Gemu ba ya hana ilimi, kuma girman uba ba ya raguwa don ɗansa ya nuna masa harafi.

Mata kuwa suna da damar da maza ba su da ita, domin ayyuka da yawa na tsakar gida a zaune ake yin su. Lokacin ɓarar gyaɗa ko tsinkar zogale ko ɗinkin hula, mace ɗaya tana iya karantawa sauran suna aiki, gobe wata ta karɓa. In hasken dare ya yi ƙaranci, fitilar sola ko tocilan waya ta wadatar.

Rubuta naku labarin

Kalmar marubuci tana tsorata sabon ɗalibi, yana ganin sai wanda ya yi jami'a. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, ɗaya daga cikin fitattun marubutan hikaya na Kano, an cire ta daga makaranta tana ƙarama aka yi mata aure, daga baya ta koma ajin ilimin manya, kuma daga nan ta kai ga wallafa littattafan da aka karanta a ko'ina cikin ƙasar Hausa. Tun 2016 kuma sashen Hausa na BBC yake shirya gasar Hikayata ta gajerun labarai domin mata. Ƙofar a buɗe take, amma mu a wannan aji jimla biyar ko shida muke nema tukuna.

Ku fara faɗin labarin da baki ga abokin zamanku a aji, sannan ku rubuta shi yadda kuka faɗa, ba tare da tsayawa gyara ba. Wanda ya iya ajami yana iya fara zubawa da ajami, daga baya ya juya zuwa boko. Ga misalin irin abin da ake nufi:

"Ranar Alhamis na kai raguna biyu kasuwar Maigatari. Motarmu ta tashi tun da asuba. Dillali ya buɗe bakin ɗaya, ya duba haƙora, ya ce ya tsufa. Na ce masa, 'Haba Alhaji, wannan ragon a gidana aka haife shi bara waccan.' Muka yi ta ciniki har azahar. Na sayar da ɗaya, na komo gida da ɗaya."

Ku lura cewa babu wata kalma mai wuya a ciki, amma mai karatu ya ga dillali, ya ga haƙoran rago, ya ji muryar mai shi. Da an rubuta "na je kasuwa, ciniki bai yi kyau ba" kawai, da ba a ga komai ba. Wannan shi ne babban abin da za ku riƙe: ku rubuta abin da ido ya gani da abin da baki ya faɗa.

Daga labarin gaskiya zuwa ƙagaggen labari taki ɗaya ne, kuma tambaya ce ke kai mutum: da a ce fa? Da a ce ragon da aka komo da shi ya tsinke a tasha ya shiga gonar wani fa? Da a ce mutumin ya iso gida ya laluba aljihu bai ji kuɗin ba fa, alhali gobe ne sunan jikarsa? Duk amsar da kuka bayar, kun fara ƙirƙira ke nan. Sai dai ku kiyaye abu guda, wato kada ku sa sunan maƙwabci ko asirin gidan wani a cikin labari, domin takarda tana zuwa inda mai ita bai je ba.

Abin rubutawa ba ya ƙarewa a karkara. Dattawan da suka ga farin 1973 suna nan da ransu a garuruwa da yawa, haka waɗanda suka kai gyaɗa Kano zamanin dala, ko suka hau jirgin ƙasa daga Ringim zuwa Nguru. Mutanen Auyo da Haɗeja da Ringim da suka kwana a kan tudu lokacin ambaliyar 2022 suna da labarin da jikokinsu za su so su ji daga bakin wanda abin ya shafa.

Sai an gama zuba labari ake komawa gyara, kuma hanyar gyara ita ce ku karanta abin da kuka rubuta a bayyane, domin kunne yana kama abin da ido ya tsallake. Ku duba lanƙwasar ɓ da ɗ da ƙ, kada ƙafa ta koma kafa. Ku duba rabon kalmomi, domin "ya ce" ake rubutawa a rabe, haka "zai zo" da "da shi". Ku tabbata kowace jimla ta fara da babban baƙi ta ƙare da aya.

Yara kuma a ba su nasu rabon. Ku fara tatsuniya ku tsaya a tsakiya, kowane yaro ya kawo nasa ƙarshen, wanda ya iya rubutu ya rubuta, ƙaramin ya zana hoton Gizo. Ku rubuta kacici-kacici a 'yan guntayen takardu, irin su "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya" da "Baba na ɗaka, gemu na waje", yaro ya zara ya karanta, wanda ya kasa cewa tsintsiya ko hayaƙi ya ba da gari kamar yadda aka saba. Kada a yi wa yaro dariya don labarinsa bai tsaru ba, domin wanda aka kunyata sau ɗaya da wuya ya sake buɗe baki.

Aikin wannan mako

Kowane ɗalibi zai nemi tatsuniya ɗaya daga bakin wani babba a gidansu ko unguwarsu, ya rubuta farkonta, ko da layi biyar ne, ya sa sunan garin da aka ji ta a ƙasa. Zai kuma karanta wa iyalinsa abin da ya rubuta a dare biyu daban-daban kafin zama na gaba. A ranar aji kowa zai miƙe ya karanta nasa, sauran su saurara har ya kai aya ta ƙarshe kafin a yi gyara. Malami zai tattara takardun bayan an sake kwafe su da kyau, a ɗinke su da zare da allura a sa musu bangon kwali, sannan a tsara yadda littafin zai riƙa kwana biyu-biyu a gidan kowane ɗalibi har damina ta wuce.