Kurakuran da aka fi yi wajen tono tarihin Jami'ar Ahmadu Bello daga tsofaffin takardu

Duk shekara ba a rasa ɗaliban da aka ba su aikin rubuta kundi a kan tarihin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko na wani sashe nata. Akwai kuma 'yan jarida da masu haɗa littafin bikin cika shekaru. Yawancinsu layi guda suke kwafa daga juna: an buɗe jami'ar ran 4 ga Oktoba 1962, Sardauna ne ya kafa ta, ta fara da ɗalibai 426. Duk gaskiya ne, amma ba shi ne tarihin ba. Waɗanda suka daure suka shiga ɗakin tsofaffin fayiloli kuwa, kurakuransu kusan iri ɗaya ne, kuma duk suna da magani.

Babbansu shi ne neman jami'ar da sunan da ta ke amsawa yau. Ɗalibi zai je Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, ya buɗe jerin sunayen fayiloli yana neman "Ahmadu Bello", ya ga abin bai taka kara ya karya ba, ya dawo ya ce wa malaminsa ai babu komai. Alhali kuwa jami'ar ba daga fili aka fara ta ba, haɗa ta aka yi daga makarantun da suka girme ta. Akwai reshen Zariya na Kwalejin Fasaha da Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Nijeriya, wanda harabarsa ce ta zama babbar harabar Samaru. Akwai makarantar koyon aikin mulki ta Kongo, da tashar binciken noma ta Samaru wadda ta samo asali tun shekarun 1920, da gonar dabbobi ta Shika. Akwai kuma ɓangaren Larabci da addinin Musulunci a Kano. Kowace daga cikinsu da fayilolinta, a ƙarƙashin sunanta, a cikin takardun ma'aikatar da ke kula da ita. Mai son tarihin Tsangayar Noma, fayilolin Ma'aikatar Gona ta Jihar Arewa zai nema. Mai son na Kongo ya bi ta takardun horar da ma'aikatan En'e da alƙalai. Ko ita jami'ar kanta, a takardun farko-farko za ka tarar ana kiranta Jami'ar Arewacin Nijeriya. Kwalejin Samaru kuwa ta gwamnatin tsakiya ce, don haka kada ka yi mamaki idan sawunta ya kai ka Ibadan, inda aka ajiye fayilolin gwamnatin tsakiya na zamanin Turawa.

Rashin sanin wannan ne ke sa a riƙa rubuta cewa Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya sun kafa ƙungiyarsu ta masu zane a Jami'ar Ahmadu Bello. A 1958 suka kafa ta, shekara huɗu kafin a buɗe jami'ar. Ɗaliban waccan kwaleji ne. Ginin ɗaya ne, amma makarantar daban.

Kafin ka taka ƙafa Kaduna, ka zauna ka rubuta wa kanka wanda ya mallaki jami'ar a kowane zamani, domin takarda tana bin mai biyan kuɗi ne. Daga 1962 gwamnatin Jihar Arewa ce. Da Gowon ya raba ƙasar zuwa jihohi 12 a 1967, Arewa ta zama jihohi shida, sai aka ɗora jami'ar a wuyan hukumar riƙon ƙwarya da ke kula da kadarorin haɗin gwiwa na waɗannan jihohi, wadda aka fi sani da ICSA. A 1975 gwamnatin tarayya ta karɓe ta. Wanda ke neman gardamar kasafin kuɗin 1970, kada ya tsaya a takardun gwamnatin tarayya kaɗai, ya duba na ICSA. Haka ma batun rassa: Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano reshen Zariya ce har zuwa tsakiyar shekarun 1970, kafin ta zama Jami'ar Bayero a 1977. Jami'ar Fasaha ta Bauchi ma an haɗe ta da Zariya a 1984, ta sake tsayawa da ƙafarta a 1988. Idan ka ga yawan ɗalibai ko na malamai ya yi tsalle ko ya faɗi a waɗannan shekaru, kada ka yi saurin ƙirƙiro dalili; duba ko reshe ne ya shigo ko ya fita.

Kuskure na gaba ya fi wuyar ganewa, don mai yin sa yana ganin ya yi ƙoƙari. Ya samu rubutaccen bayanin zaman Majalisar Gudanarwa ko na Majalisar Dattawan jami'a, an buga shi tsaf da tafireta, sai ya ɗauka abin da ya faru ke nan. A'a. Abin da aka yarda a rubuta ke nan. Taron da aka shafe awa uku ana ɗaga murya, sakatare zai taƙaita shi da cewa an tattauna, an amince. Wanda ya yi adawa ba a cika ambatar sunansa ba. Naman yana cikin 'yan takardun da ke maƙale a gefen fayil, inda jami'ai ke rubuta wa juna ra'ayi da alƙalami, wannan ya sa hannu ya tura wa wancan. A nan za ka ga wanda ya ce babu kuɗi, da wanda ya ce a jinkirta. Ɗalibai kan tsallake su don rubutun hannun yana da wuyar karantawa, su ɗauki hoton wasiƙar da aka buga kawai. Ni a ganina gara ka kwana biyu a kan shafi ɗaya na irin wannan rubutu da ka kwaso wasiƙu hamsin.

Inda abin ya fi tsanani shi ne rikice-rikicen ɗalibai. Na watan Mayun 1986, lokacin shugabancin Ango Abdullahi, 'yan sanda sun harbe ɗalibai, gwamnatin Babangida ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Janar Emmanuel Abisoye. Adadin mamatan da hukuma ta bayar daban, wanda ɗalibai suka yi ta faɗa daban. Kada ka zaɓi wanda ya yi maka daɗi ka binne ɗayan. Kawo duka biyun, ka faɗi wanda ya ce me, da ranar da ya faɗa. Sannan ka yi hattara da tsofaffin ɗalibai idan kana hira da su: sau da yawa sukan cakuɗa 1986 da zanga-zangar Afrilun 1978 ta neman a tsige Kanar Ahmadu Ali daga kujerar ilimi. Tambaye shi wane ne shugaban jami'a a lokacin. In ya ce Iya Abubakar, to 1978 yake ba ka labari.

Akwai ƙananan tuntuɓe da ke zubar da mutuncin kundi. Sardauna uban jami'a ne, ba shugabanta ba. Shugaban farko Norman Alexander ne, mutumin New Zealand, Ishaya Audu ya gaje shi a 1966. Duk kuɗin da ka gani kafin Janairun 1973 fam ne da sule, kuma fam ɗaya naira biyu aka canza shi, kada ka sauya alamar kawai.

Sai batun waya. Mutum ya ɗauki hoto ɗari uku, ya koma gida, ya rasa wanne ya fito daga wane fayil. Idan an ba ka izinin ɗauka, fara da bangon fayil, inda lambarsa da sunansa suke, irin su ZARPROF (fayilolin Lardin Zariya) ko SNP (na Sakataren Lardunan Arewa), sannan shafukan ciki bi da bi, ka kuma rubuta lambar a littafinka. Kada ka cire tsatsattsen fil don hoto ya fito, takardar ta bushe, yagewa za ta yi.

Da yawa kuma kan tsaya a wuri ɗaya. Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim da ke jami'ar yana da nasa takardun, amma Gidan Arewa da ke Kaduna, tsohon gidan Sardauna, wanda Abdullahi Smith ya jagoranci mayar da shi cibiyar bincike a 1970, shi ma na jami'ar ne. Jaridu ma hujja ne: New Nigerian daga 1966, da Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda aka fara bugawa a 1939, ita ce za ta nuna maka abin da aka gaya wa mai karatun Hausa game da sabuwar jami'ar. Waɗanda fayil bai cika kulawa da su ba, masinjoji da kuku da direbobi da dattawan Samaru da Bomo da suka ga ana ɗora tubali, sai ka je ka same su. Ka tafi da wanda suka sani, ka nemi izini kafin ka kunna rikoda, ka rubuta rana da wurin hirar kamar yadda ka rubuta lambar fayil.